Lambar NAFDAC a jikin kwali, tana nufin abin yana magani da gaske?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah tambaya gareni ga masanan cikinmu. Akwai wani shayin zogale da ake ta tallarsa a rediyo kwanan nan, a jikin kwalin an jera wai yana maganin ciwon suga, hawan jini, olsa, sanyin ƙashi har da ƙarin jini. Surukata mai ciwon suga ta sa an siyo mata, yanzu cewa take za ta ajiye ƙwayoyin asibiti tunda wannan na itatuwa ne kuma ga lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki. Maigidan ma cewa ya yi in dai da lamba to gwamnati ta gwada ta ga yana yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da gaske ne in abu na da lambar nan to duk abin da aka rubuta a jikinsa an tabbatar?

DanFagge:
Wa alaikumus salam. Ai gaskiyar maigidanki ne, in ba su gwada ba ta yaya za su ba da lamba? Aikinsu kenan fa, albashin me suke karɓa.

Mai_Kemis_Zariya:
Anti Ummu kafin komai, dan girman Allah kar a bari Hajiya ta ajiye maganinta, suga ba ya sallama, sai dai kawai a ji ya taɓa ƙoda ko ido ko ƙafa ta ƙi warkewa. Sannan @DanFagge ba haka abin yake ba ɗan'uwa. Ki ɗauko kwalin ki duba lambar da kyau, in kayan itatuwa ne yawanci za ki ga harafin L a ƙarshenta. Wannan L ɗin na nufin sun saka shi a jerin kayan da aka yarda a sayar na shekara 2, bayan sun duba cewa ba guba ba ne, sun duba tsaftar wurin da ake haɗa shi, shi kenan. Ba su kai ga gwada shi a kan marasa lafiya ba balle su ce yana sauke suga. Cikakkiyar rajista ta shekara 5 ita ce ke buƙatar a kawo shaidar gwaji a jikin mutane, kuma kaɗan ne ƙwarai cikin masu haɗa kayan gargajiya ke kaiwa nan saboda gwajin kuɗi yake ci ba na wasa ba. Ita kanta shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sha faɗin wannan bambancin a bainar jama'a. Shi ya sa doka ta tilasta musu rubuta wani layi da turanci a jikin kwalin, ma'anarsa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirarin ba. Ki duba ƙasa ko bayan kwalin, da wuya ki rasa shi.

Bakatsine77:
Innalillahi, yanzu na shiga ɗakin Baba na ɗauko wata kwalba da yake sha, wlh ga L ɗin nan, kuma ga layin can ƙasa da ƙananan baƙaƙe sai da na haska tocilan waya. Amma sunayen cututtukan da ja aka buga su manya manya harda hoton ƙoda.

DanFagge:
To ni wannan ai rainin hankali ne. Ka ba mutum lamba sannan ka ce ba ruwanka da abin da ya rubuta? Tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba ina za ta san wani L.

Mai_Kemis_Zariya:
A nan kam ban musa maka ba. Lambar kamar lambar mota ce, tana nuna an san motar an san mai ita, ba ta nuna direban ya iya tuƙi. Matsalar mutanenmu tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar aka koya musu su duba lamba, kuma koyarwar ta yi amfani dan lokacin jabun magani ne ke kashe mutane, amma ba a ƙara musu da cewa lambar iyakarta kenan ba.

Hajiya_Mai_Zuma:
Ni fa abin da ke ba ni haushi da ku 'yan boko kenan, duk abin da ya fito daga ƙasarmu sai kun kushe shi, amma in bature ya zuba shi a kafso ya sa masa suna sai ku siya da tsada kuna godiya. Zogalen nan kakanninmu shi suka ci suka yi tsawon rai, kwaɗon zogale da ƙuli wa bai ci ba a cikinku. Ni zuma da man habbatussauda nake sayarwa kuma mutane da ƙafarsu suke dawowa su ce sun samu sauƙi, ba wanda na biya ya faɗa. Kuma maganar habbatussauda ba tawa ba ce, Annabi (SAW) ne ya ce waraka ce daga kowace cuta sai mutuwa, ita ma zuma Allah ya ambace ta a Suratun Nahli. To wace NAFDAC kuma za mu jira?

Almajirin_Malam:
Hajiya Allah ya ƙara kasuwa. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ba mai jayayya a kai. Amma abu biyu. Na farko tun da daɗewa malamai irin su Imam Khaɗɗabi sun yi bayanin cewa lafazin gamamme ne amma ana nufin wani sashe na cututtuka, wasu malaman kuma suka bar shi a gamammensa, to ko a wurin magabata akwai magana. Na biyu kuma shi ne ya fi damuna, hadisin ya yi magana a kan habbatussauda, bai ba da shaida a kan kwalbar wani bawan Allah da ya haɗa a bayan shagonsa ba, ba mu san me ya zuba ba, ba mu san nawa ya zuba ba. Mutum ya lulluɓe hajarsa da aya ta yadda in ka yi tambaya sai a ce kana ja da addini, alhali shi Manzon da ya faɗi waccan maganar shi ne ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ba da ke nake ba Hajiya, amma kin san akwai su da yawa.

Hajiya_Mai_Zuma:
Akwai su kam, masu dafa suga su ce zuma ce, su suka ɓata mana sana'a. Amma ni tawa daga amya take zuwa.

Yar_Nas:
Hajiya ranki ya daɗe, ko ta amya ce mai ciwon suga sai ya yi hattara da ita, zuma kusan kashi 80 cikin 100 suga ce, sauran yawanci ruwa. Muna ganin su a asibiti, mutum ya daina suga a shayi ya koma zuba cokali uku na zuma da dabino bakwai da safe wai ai na Annabi ne ba ya cutarwa, a zo a auna a ga abin ya haura sama. Sannan jariri ƙasa da shekara 1 ba a ba shi zuma sam, akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin babba ke iya da ita amma na jariri ba ya iyawa, tana iya shanye masa jiki har numfashi.

Dalibar_Kimiyya:
Bari in ɗan sa baki tunda ɓangaren da nake karanta kenan. Ba wanda ya ce zogale banza ne fa, ganye ne mai kyau, akwai furotin da sinadarin ayon da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Kuma da gaske ne an yi bincike a kansa, shi ya sa masu tallar ke cewa "masana sun tabbatar". Amma ku tambaye su a jikin wa aka gwada. Mafi yawa a ɓeraye ne, ana sa wa ɓera ciwon suga da allura, a tatso sinadarin ganyen a tace shi ya yi ƙarfi sosai, a ɗura masa gwargwadon nauyinsa, sai a ga sugan ya sauka. To wannan matakin farko ne kawai, yana nufin abin ya cancanci a ci gaba da dubawa. Tsakanin nan da a ce dattijuwa mai shekara 60 ta jiƙa ƙaramar leda a ruwan zafi ta warke akwai tafiya mai nisa. Gwajin da aka yi a mutane kuma ƙanana ne, mutane kaɗan na ɗan lokaci, wani ya nuna ɗan sauƙi wani bai nuna komai ba. Gwaji na gaske shi ne a raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a ba wa waɗannan abin, a ba wa waɗancan wani abu mai kama da shi wanda ba komai a ciki, ba mai sanin wanda ya samu wanne har likitan, sai a ƙarshe a kwatanta. In ba a yi haka ba ba yadda za ka raba aikin maganin da aikin lokaci ko aikin yarda.

Bakatsine77:
Aikin yarda kuma? Wato tunani kawai zai sauke suga?

Dalibar_Kimiyya:
A'a, shi sugan ba ya sauka, amma mutum zai ji jikinsa ya yi sakayau, ciwon kan ya ragu, barci ya zo, sai ya ce na warke. Kuma yawanci ba ka neman magani sai ciwo ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sau da yawa sauka yake yi da kansa, to duk abin da ka sha a ranar shi zai kwashe ladan. Shi ya sa maganar Hajiya cewa mutane na dawowa su yi godiya gaskiya ce amma ba hujja ba ce, wanda bai ji sauƙi ba ai ba ya dawowa, wanda ya kwanta a asibiti ma ba ya dawowa.

Hajiya_Mai_Zuma:
'Yata kin iya magana. Amma na asibitin ma ai ba kowa yake warkarwa ba, surukar Ummu shekara nawa tana shan ƙwayar ba ta rabu da ciwon ba?

Mai_Kemis_Zariya:
Hajiya ai likita bai taɓa ce mata zai raba ta da shi ba, cewa ya yi zai riƙe shi. Bambancin kenan, ɗaya ya faɗi iyakarsa, ɗayan ya yi alƙawarin abin da ba shi da shi. Kuma wani abu da ba a faɗa, an sha kama kayan da aka ce zallan itatuwa ne ashe an niƙa ƙwayar bature a ciki, musamman na ƙarfin maza da na ƙiba irin su sha ka fashe. Sai ka ga yana aiki nan take, dole ya yi aiki mana, amma ba ka san adadin da kake sha ba, ga shi kana haɗa shi da na asibiti.

Dan_Lauya:
Abin da ya kamata a sani, rubutun da ke jikin kwalin Anti Ummu shi kansa saɓa doka ne, ba sai an je ga maganar L ba. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya, wadda asalinta tun 1974 ne, ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani a matsayin waraka ko rigakafin wasu cututtuka da aka jera, ciki akwai ciwon suga, hawan jini, ciwon daji da rashin ƙarfin namiji. Sannan duk tallar kayan da NAFDAC ke kula da su sai an kai mata ta amince kafin a saka, ga kuma hukumar talla wadda a da ake kira APCON, a 2022 ta koma ARCON, ita ma sai ta tace. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne kwalin da aka kai wa hukuma daban, wanda aka buga aka kai kasuwa daban, abin da mai lasifika ke faɗa a tasha kuma wannan ba a magana. Wani ma lambar ta wani kayan ce ya kwafa ya manna. To doka akwai ta, masu bin sawu ne babu.

DanFagge:
Yauwa, to kun ga maganata ta fito, laifin hukuma ne. Gidan rediyon da ke karɓar kuɗi ya bar mutum awa guda yana cewa yana warkar da suga cikin sati biyu fa, shi ba a kama shi?

Dan_Landan:
Bari in ba ku labarin nan ɓangaren. A 2006 Tarayyar Turai ta yi doka cewa ba kamfanin da zai rubuta wani amfanin lafiya a jikin abinci sai hukumarsu ta kimiyyar abinci, EFSA, ta duba hujjar. Ƙasashe suka turo iƙirari kusan 44,000, aka tace aka haɗe masu kama da juna, da aka fitar da jerin farko a 2012 guda 222 kacal suka tsallake. Masu yogot da ke cewa ƙwayoyin halittar cikinsa na ƙara garkuwar jiki duk aka watsar da nasu. Ingila ta fita daga tarayyar amma ta riƙe tsarin. Kuma ko wanda aka yarda da shi an ƙayyade yadda za ka faɗa, za ka iya cewa kalsiyam na taimaka wa ƙashi ya zauna lafiya, amma ka ce abinci na warkar da cuta, wannan haramun ne gaba ɗaya. A Amurka kuma a 2010 kamfanin Dannon sai da ya biya dala miliyan 21 kan tallar yogot ɗinsa na Activia. Amma kar ku ɗauka nan aljanna ce, iƙirarin da suka shafi itatuwa da ganyayyaki kusan 2,000 ne aka jingine su ba a yanke hukunci ba, ana ta sayar da kayan a haka. Shi kuma layin nan da Mai Kemis ya ce a duba, Amurka ma irinsa suke rubutawa a jikin ƙwayoyin ƙarin kuzari tun bayan dokarsu ta 1994, kuma su ma ba mai karantawa.

Bakatsine77:
222 cikin dubu arba'in da huɗu, kai jama'a. Ashe bature ma maƙaryaci ne hhhh

Dan_Landan:
Ba duka ƙarya ba ne, da yawa maimaici ne, wasu kuma hujjar ce ba ta kai ba. Amma eh, ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne ko ina.

Yar_Nas:
Tunda an zo kan manyan kamfanoni, ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne malt da madarar gwangwani. Mace ta haihu ta zubar da jini, ko a ce yaro jininsa ya yi ƙasa, sai dangi su yi ta jido katan katan wai ƙarin jini. Abin da jiki ke buƙata ya haɗa jini ayon ne, madara kuwa kusan babu shi a ciki, malt ɗin kuma suga ne ya fi yawa. Kuɗin katan ɗaya da hanta aka siya ko nama ko wake da alayyahu da ya fi, ga ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Kuma shayi mai kauri a kan abinci yana rage yadda hanji ke tsotsar ayon ɗin. Abin mamaki ba kamfanin da ya rubuta "yana ƙara jini" a gwangwani, ba su isa ba, hoto kawai suke nuna maka na mutum mai ƙarfi yana murmushi da jerin bitamin, mu muka ƙarasa musu sauran da bakinmu.

Maman_Biyu:
Wayyo Anti Nas kin fasa min ƙwai, ni da na sha malt da madara har na gaji lokacin 'yan biyu. To tuwon alkama fa? Mu a gidanmu duk wanda aka ce yana da suga sai a koma yi masa na alkama.

Yar_Nas:
Maman Biyu alkama ma sitaci ce kamar masara da shinkafa, in an niƙa ta da dusarta tana da ɗan fifiko saboda harza, amma malmala uku ta alkama za ta ɗaga suga fiye da malmala ɗaya ta dawa. Yawan shi ne magana, da kuma miyar ganye da za a haɗa da ita. Haka acca, tana da kyau amma ba lasisin cika kwano ba ce.

DanMaradi:
Salamu alaikum, mu nan Nijar rabin kayan shagunanmu daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Maiadua, kuma mutane na ganin lambar NAFDAC kamar hatimin sarki, alhali rubutun turancin Ingilishi ne mu kuma faransanci aka koya mana, wanda ya yi lakwal ɗin ma kenan. To ka ga layin nan da kuke cewa a duba ko an gan shi ba a san me ya ce ba. Ni tambayata man girki, kowane galan an rubuta babu kolestarol, kuma ya fi tsada. Gaskiya ne?

Dalibar_Kimiyya:
Gaskiya ne amma wayo ne. Kolestarol a jikin dabba kawai ake samunsa, nama, ƙwai, man shanu, madara. Duk man da ya fito daga tsiro, na gyaɗa, na waken suya, manja, dama can ba shi da shi, har wanda ake aunawa a kwalba a bakin kasuwa. To sun sayar maka da abin da kowa ke da shi. Abin dubawa shi ne yawan kitse mai daskarewa, da kuma wani mugun kitse da ke samuwa in an sarrafa mai a masana'anta ya zama kamar bota, shi ne Najeriya ta sa wa iyaka a dokar mai ta 2022, kar ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Irin wannan wayon ne a lemon kwali da ake rubuta ba a ƙara suga ba, eh ba a ƙara ba, amma na 'ya'yan itacen da aka tatse yana nan cike. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya wuce wajen giram 50 na irin wannan sugan a rana, kusan ƙaramin cokali 12, in ya iya rabin haka ma ya fi, kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye maka kason.

Baba_Mai_Ritaya:
Yara ina ta karanta ku. Kada ku sa mutane su yanke ƙauna da duk wani rubutu na jikin kaya, akwai na gaskiya. Mu da muka taso mun ga maƙoƙo da idonmu, mata da wuya kamar an rataya ƙwarya, da aka tilasta sa aidin a gishiri a farkon shekarun 1990 sai abin ya yi ta ja baya, yau yaro zai girma bai ga mai shi ba. Haka bitamin A da aka wajabta a suga da man girki da fulawa tun 2002, shi ne tambarin ido da kuke gani a jikin buhu, don maganin dundumi da lafiyar yara. Marigayiya Dora kuma ta yi yaƙi da masu sa sinadarin bromet mai cutarwa a burodi, mun ga an rufe gidajen burodi. To hukumar nan in ta ga dama tana iyawa. Abin da na lura shi ne inda masana'anta ƙalilan ne ana iya riƙe su, amma masu haɗa garin magani a gida dubbai ne, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

DanFagge:
Baba Allah ya ƙara girma, amma manyan ma ana riƙe su? A 2017 ba kotu a Legas ce ta ce a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite kar a sha da bitamin C ba, har ta ci NAFDAC tarar naira miliyan 2? Ni dai ban taɓa ganin rubutun ba.

Dan_Lauya:
An yi shari'ar, wani ɗan kasuwa ne ya kai lemon zuwa Ingila aka riƙe shi saboda sinadarin hana lalacewa ya wuce ma'auninsu. Amma ma'aikatar lafiya ta fito ta ce bai wuce ma'aunin Najeriya ba, namu miligiram 250 ne a kilo nasu 150, hujjarsu ita ce ƙasa mai zafi ta fi buƙatarsa, kuma an ɗaukaka ƙara. Wannan ma maganar illa ce ba ta iƙirarin magani ba, kar mu cakuɗa.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na duba, akwai L kuma akwai layin. Na nuna wa maigidan ya yi shiru, amma surukata ta ce ita ba ruwanta da wani harafi, malamin da ke tallar da ayoyi yake magana kuma maƙociyarta ta sha ta ji daɗi. Iyakar abin da muka samu ta yarda za ta ci gaba da ƙwayar tana shan shayin a kai. Hakan ya yi?

Mai_Kemis_Zariya:
Ya fi a ajiye ƙwayar nesa ba kusa ba. Amma a tafi da kwalin ranar da za ta ga likita a nuna masa, kar a ɓoye, kuma a dinga auna sugan a gida ana rubutawa. In ta fara jin rawar jiki, gumi, jiri ko yunwa mai tsanani to ya faɗi da yawa ne, a ba ta abu mai zaƙi a kai ta asibiti.

Hajiya_Mai_Zuma:
To kun gani, in shayin ba ya aiki me zai sa sugan ya faɗi? Da bakinku kun yarda.

Dalibar_Kimiyya:
Hajiya ba mu ce ba ya komai ba, cewa muka yi ba wanda ya auna. Lokacin korona ma haka aka yi da ruwan tazargaden Madagaska a 2020, shugaban ƙasarsu da kansa ya sha a gaban kyamara, aka kawo Najeriya, cibiyar binciken magunguna ta Abuja, NIPRD, ta duba ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Alhali daga wannan ganyen aka ciro maganin maleriyar da duk muke sha yau, har wadda ta gano shi 'yar Chana, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Ganye ɗaya, a ciwo ɗaya ya ci jarrabawa a ɗayan bai ci ba. Zoɓo ma an gwada a mutane an ga yana ɗan rage hawan jini kaɗan, amma ba wanda aka cika wa suga ba, kuma ba ya maye gurbin magani.

Almajirin_Malam:
Ni ina ganin da za a tilasta duk mai talla a rediyo ya faɗi layin nan da Hausa da bakinsa, a farko da ƙarshe, "hukuma ba ta tabbatar wannan yana magani ba", da an rage. Mutanenmu da kunne suke siya ba da ido ba.

Dan_Landan:
Chile tun 2016 baƙin tambari suke mannawa a gaban kaya in suga ko gishiri ko kitse ya yi yawa, ko yaro ya gani ya gane. Irin wannan zai fi mana amfani da dogon turanci.

DanFagge:
Malam ai ranar da aka sa wannan dokar rabin shirye-shiryen dare na rediyo sun mutu, su waye za su biya kuɗin dizal? Ni har yanzu ina kan bakata, ko dai su gwada su ba da lamba ko kar su bayar sam.

Mai_Kemis_Zariya:
In suka daina bayarwa ba daina sayarwa za a yi ba ɗan'uwa, sai dai a koma sayarwa ba wanda ya duba ko da gubar ce.

Hajiya_Mai_Zuma:
Ni dai a rage mana kuɗin rajistar tukuna, ƙaramin ɗan kasuwa ina ya ga kuɗin gwaji a jikin mutane, jami'o'in nan namu me suke yi da ba za su karɓi kayanmu su gwada ba?

Maman_Biyu:
Anti Nas dan Allah kafin a watse, garin kunun yara na gwangwani da aka rubuta bitamin goma sha a jiki fa, ya fi kunun gyaɗa da nake dama musu ko duk kanwar ja ce?